Da tsohuwar zuma ake magani: tsohuwar buwat a ƙarƙashin sabon inji

Duk wanda ya zaga garejojin birnin Yamai ya san cewa tsohuwar Peugeot ba ta mutuwa duka. Jiki ya ruɓe, inji ya gaji, amma akwatin giya, wanda makanikai ke ce wa buwat, sai a kwance shi a ajiye, domin yana da mai nema.

Wannan dabara ta daɗe a duniya. Tun shekarun 1930 samarin Kaliforniya a ƙasar Amurka suke rage wa tsofaffin motocin Ford nauyi, su ƙara wa injinsu ƙarfi don tsere. Da suka ga buwat ɗin Ford na karyewa, sai suka koma ga ta LaSalle ƙirar 1937, saboda haƙoranta sun fi jure wahala. Su gudu suke nema. Mu abinci muke nema, amma aikin ɗaya ne.

A nan ƙasarmu 404 da 504 suka kafa tarihi. An fito da ta farko a 1960, ta biyu a 1968, kuma daga 1975 masana'antar Kaduna ta shiga harhaɗa motocin Peugeot, kayan gyara suka wadata har kasuwanninmu. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, farashin sabon kaya daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo, sai tsoho ya ƙara daraja. Buwat ta hannu ba ta buƙatar kwamfuta, makanikin ƙauye na iya buɗe ta, kuma in batir ya mutu a daji, turi kaɗai ya isa ya tada mota. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa mai zuwa Dosso ko Maraɗi yake fifita ta a kan mai canja giya da kanta.

Sai dai kowane ƙarfe yana da iyakarsa. A 1987 kamfanin Jeep ya ɗaura buwat ɗin Peugeot mai giya 5, wato BA10, a bayan injinsa mai silinda 6. Ba ta jure ba, a 1989 aka maye gurbinta da ta Aisin ta ƙasar Japan. In babban kamfani ya yi wannan kuskure, ina ga wanda ya haɗa da ido a gindin bishiya?

Saboda haka, mai niyyar wannan haɗi ya lura da abu uku. Na farko, bakin buwat ya zauna daidai da bayan inji. In an ƙera farantin ƙarfe a tsakaninsu, karkata kaɗan ta isa ta cinye sandar da ke shiga faifan kuloci. Na biyu, a tsiyaye man a duba: garin ƙarfe a ciki alama ce haƙora sun ci juna. Na uku, a gwada mota da kaya. In giya na ƙara ko tana fita da kanta, a bar ta.

Ma'aikacin da ya tara albashin watanni ya sayi mota, da ɗan kasuwar da jarinsa ke bisa hanya, su tuna araha ba ta ado. Giyar da ta zame a gangara da fasinja cike, ba kuɗi kaɗai take ci ba. Allah ya kiyaye hanya.