Maganar Hana Gawayi a Injamena

'Yan'uwa fataken shanu, ga bayanin wannan doka. A ƙarshen 2008 gwamnatin Idris Deby ta hana shigo da gawayi Injamena, don hamada na cin ƙasa, aka ce kowa ya koma girki da gas. Jama'a suka yi ta kuka, tukunyar gas ta fi ƙarfin talaka, har da busasshen kashin shanu aka riƙa hura wuta.

Mu kam ba ma ƙin dokar. Gawon da ake sarewa, 'ya'yansa ne abincin shanunmu da rani, inuwarsa kuma nan muke yada zango. Sai dai magidanci ba ɗumamar yanayi yake tambaya ba, kuɗin cika tukunya yake tambaya, shi ya sa gwamnati ta sa tallafi a farashin gas.