Maliyo: Kamfanin Da Ya Sa Ɗan Acaɓa Cikin Wasan Waya

Galibin wasannin da matasan Kuje ke yi a wayoyinsu a ƙasashen waje ake ƙirƙiro su, can kuma ribar ke komawa. Wannan giɓi ne Hugo Obi ya hango, ya kafa kamfanin Maliyo Games a Legas cikin 2012.

Da abin gida kamfanin ya fara: Okada Ride, inda ɗan acaɓa ke ratsa cunkoson motoci, da Mosquito Smasher na kashe sauro. Daga baya aka sami Whot King na karta, da Aboki Run, sunan da ba kowane ɗan Arewa zai yi wa murmushi ba.

A 2024 kamfanin ya haɗa gwiwa da Disney na Amurka suka fitar da Iwájú: Rising Chef, wasan dafa abinci.