Ƙafar Mota ba ta Jiran Wasiƙar Kamfani

Mai yawan bin titin Kano zuwa Wudil ya saba ganin mota ta durƙusa a gefen hanya, tayar gaba ɗaya ta kwanta ta shige ƙarƙashin jiki ko ta baje waje, an karyo ganye an jera a kan kwalta don masu tahowa su kauce. In ka tambayi direban sai ya ce ƙafa ce ta cire, bakanike kuma ya ce boljoyin ne. Wasu masu motocin da suka ji labarin cewa a Amurka da Turai kamfanoni kan yi wa motoci kiranye su gyara irin wannan matsala kyauta sukan yi tambaya mai ma'ana: me ya sa mu ba a yi mana? Amsar ba ta da daɗi, amma gara a san ta. Tsohuwar motar da aka shigo da ita takan iso da lahaninta, alƙawarin gyaran kuwa yakan tsaya can inda aka baro shi. Saboda haka abin da zai kare ran mai mota a Wudil shi ne duba da idon bakanike da ingancin ƙarfen da aka sa, kuma wannan aiki ne da ba wanda zai yi mana shi daga waje.

Boljoyin ƙaramin abu ne, bai wuce cikin tafin hannu ba. Wanda ya taɓa ganin mahauci ya raba cinyar sa da ƙugu ya ga kamarsa: dunƙulen kan ƙashi mai santsi yana juyawa a cikin kwarminsa. Haka ƙwallon ƙarfe yake zaune a cikin ɗan kwano, da giris a ciki, da hular roba da ta rufe bakin. Shi ne ya haɗa cibiyar taya da hannun ƙarfen da ke riƙe da ita, yana ba ta damar hawa da sauka a kan gargada, tana kuma juyawa dama da hagu idan an murza sitiyari. Rayuwarsa duka ta rataya ne a kan wannan 'yar robar. Ranar da ta tsage, ƙurar hunturu ta samu ƙofa, ta gauraya da giris ta zama abin goge ƙarfe. Damina ta zo, ruwa ya wanke sauran giris ɗin, tsatsa ta kama. Ƙwallon ya riƙa sirancewa, bakin kwanon yana faɗaɗa, har wata rana ya zare. Taya ta rabu da abin da ke riƙe da ita, wani lokaci ta fizge tiyon birki a kan hanyarta, direba ya rasa sitiyari da birkin gaba a lokaci guda.

Haɗarin ba ɗaya yake a kowace mota ba, kuma wannan ne abin da masu saye ba su cika sani ba. A motoci irin su Golf da Corolla nauyin gaban mota yana bi ne ta kan shokozoba, boljoyin na ƙasa aikinsa riƙe taya a saiti. Idan ya lalace yakan daɗe yana ƙara kafin ya ba da kai. A Honda Accord na da kuwa, su Hala da Henesi da EOD, da manyan Toyota irin su 4Runner da Tundra da Sequoia na farkon shekarun 2000, nauyin motar yana rataye ne a kan boljoyin na ƙasa, kullum yana jan ƙwallon kamar zai fitar da shi daga kwano. Wannan jan yana ɗame shi, ya sa ko ya ci sosai ba lallai ya yi surutu ba. Shi ya sa za ka ji mai mota yana rantsuwa bai ji komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Honda ta sauya fasalin ƙafar gaban Accord daga ƙirar 2013, amma waɗanda suka gabace ta su ne suka cika titunanmu.

Kiranyen da ake magana gaskiya ne, kuma ba ƙarami ba ne. A watan Disamba na 2004 an yi wa Dodge Durango da Dakota kusan 600,000 kiranye a Amurka saboda boljoyin na sama da ruwa ke shiga yana cinyewa. A watan Mayu na 2005 Toyota ta kira motoci fiye da 750,000, ciki har da Tacoma da 4Runner da Tundra da Sequoia, saboda an karce fuskar ƙwallon tun a masana'anta. A 2006 aka kira Jeep Liberty sama da 800,000, sannan a watan Janairu na 2007 Toyota ta sake kiran Tundra da Sequoia 533,000. Tushen wannan tsari dokar kiyaye lafiyar motoci ce ta 1966, hukumar NHTSA ce kuma ke sa ido a kanta. Kamfani zai rubuta wa mai mota wasiƙa, ya kai ta wurin dila, a sauya ƙarfen ba tare da ya biya ko sisi ba.

Sai dai a dubi iyakokin alƙawarin da kyau. Ya shafi lahanin da aka fito da shi daga masana'anta ne kawai, a kan motocin da aka ƙera tsakanin wasu ranaku ƙayyadaddu. Cin da ƙarfe ke yi saboda tsufa da tafiya ba ya ciki, ko a Amurkan. Dokar ma ta yanke shekaru: idan motar ta wuce shekara 15 da sayarwar farko kafin a sanar da lahanin, ba a tilasta wa kamfani gyara kyauta, kuma kafin gyaran dokar na 2015 shekara 10 ne. Wasiƙar tana bin adireshin wanda sunansa ke rajista a can. Motar da aka yi gwanjonta, aka ɗora a jirgin ruwa, ta sauka a Legas ko Kwatano, ta biyo hanya har Kano, ta fita daga wannan littafin. Dokar tarayyar Amurka ba ta hana mai sayar da tsohuwar mota sayar da ita ba ko da ba a yi mata gyaran kiranyen ba, kuma dokar ba ta da iko a kan wani dila a Najeriya. Ko da an yi sa'a mai motar na farko ya kai ta an sauya mata boljoyin a 2005, wannan sabon ƙarfen yau ya kusa ko ya wuce shekara ashirin yana aiki.

Wani zai ce to ai duba lambar shasi ɓata lokaci ne ke nan. Ba haka ba ne. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17, da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ana iya shigar da ita a shafin NHTSA na intanet da wayar hannu, kyauta, tun 2014. Idan motar ƙirar kasuwar Amurka ce, shafin zai nuna ko akwai gyaran kiranye da ba a yi ba, sai dai kiranyen da ya wuce shekara 15 ba lallai ya fito ba. Ko ba wanda zai biya ka, ka san inda ciwon yake, ka san abin da za ka fara sauyawa, ka kuma samu hujjar neman ragi kafin ka ƙirga kuɗi. Hukuma ma tana da hanyar yin wannan a dunƙule, domin tun 2022 kwastam ke amfani da lambar shasi wajen yanke harajin motocin da ake shigowa da su. Lambar da ta isa a ƙididdige haraji da ita ta isa a gane mota mai lahani da ita. Akwai kuma hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare masu sayen kaya, amma da wuya ta kamo bakin zaren motar da ta ratsa hannun mutum biyar kafin ta iso Wudil.

Abin da ya fi kare tsofaffin motoci a ƙasashen da muke kwatance da su ma ba kiranye ba ne. A Ingila duk motar da ta kai shekara uku sai an duba ta kowace shekara, a Jamus kuma duk bayan shekara biyu, kuma ƙafar gaba na cikin abin da ake girgizawa a gani. Mota mai sakakken boljoyin ba ta samun takarda. Mu ma muna da takardar shaidar lafiyar mota, da jami'an VIO, da FRSC tun 1988, da KAROTA a Kano. Abin tambaya shi ne mota nawa aka ɗaga aka leƙa ƙarƙashinta kafin a buga mata hatimi. Takardar da aka karɓa tare da sabunta lasisi ba tare da an taɓa taya ba shaidar biyan kuɗi ce kawai.

Masu ɗora laifin duka a kan hanya suna da rabin gaskiya. Rami da gargada suna gajarta ran ƙafar mota, haka ma lodin da ya wuce kima, kuma duk wanda ya ga yadda ake shaƙe Golf da Sharon ranar Juma'ar kasuwar Wudil ya san nauyin da ƙarfen ke ɗauka. Amma gyaran hanya ba ya warkar da ƙarfen da ya riga ya ci. Titin Kano zuwa Maiduguri, da aka ba da kwangilar tagwaita shi a 2006, duk inda ya yi santsi gudu ne ke ƙaruwa. Boljoyin da ya zare a cunkoson bakin gadar Wudil asarar kuɗi ce da toshe hanya. Wanda ya zare ana gudun kilomita 120 a buɗaɗɗen titi wajen Gaya kuwa sai dai a ƙirga gawa. Masu cewa ƙaddara ce kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai addini bai hana ɗaukar sababi ba, kuma fasinjojin da ke baya ba su aka shawarta ba lokacin da aka ɗage gyaran zuwa wani mako.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da ta jabu. Mai mota ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗora masa boljoyin iri uku a kan kanta, kwalinsu kusan ɗaya, farashinsu ya sha bamban. An sha sa sabo ya lalace cikin 'yan watanni, shi ya sa da yawa suka koma wa na beljiyam suna cewa ya fi ƙwari. Ana iya fahimtar dalilinsu, amma ƙarfen da aka ciro daga wata mota ba wanda ya san nisan da ya yi, kuma a motocin da nauyi ke rataye a kansa wannan caca ce da rai. Mafi muni shi ne dabarun gareji: a bubbuga bakin kwanon da guduma don ya ɗame, ko a ɗiga masa walda, ko a ɗura baƙin mai da sirinji don ƙarar ta yi shiru, ko a sa ƙusa a madadin fil ɗin da ke kulle noti. Duk waɗannan suna kashe alamar gargaɗi ne su bar cutar. Idan aka kwatanta kuɗin boljoyin mai kyau guda biyu da kuɗin janwe, da sabuwar taya, da shaf, da gyaran jiki, ba a ma kai ga asibiti ba, lissafin ya fito fili.

Dubawar kanta ba ta buƙatar kwamfuta. Bakaniken ƙafa zai ɗaga motar, a irin su Accord ya sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa don nauyi ya sauka daga kan ƙarfen, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya zura dogon ƙarfe ƙarƙashinta ya ɗaga yana kallon mahaɗar. In ta yi motsi, ko robar ta tsage, ko jan ruwan tsatsa na tsattsafowa, magana ta ƙare. Ƙwanƙwasa a kan gargada, kukan ƙarfe idan ana murza sitiyari, sitiyarin da ya yi tauri ko yake yawo, da tayar da ke cin gefe guda, duk dalilai ne na zuwa gareji a ranar. A sauya hagu da dama tare, a yi saitin taya bayan nan.

Kira na farko ga shugabannin ƙungiyar direbobi ne a tashoshin Wudil: ku ne kuke ba mota layi, kuna da ikon cewa sai an ɗaga ta an girgiza ƙafarta a farkon damina da ƙarshenta kafin ta ɗauki mutane. Mai motar gida kuma, musamman wanda ya sayi tsohuwar Accord ko babbar Toyota bai san tarihinta ba, ya duba lambar shasinsa, ya sauya boljoyin na ƙasa da ingantacce tun kafin ya fara doguwar tafiya da iyalinsa.