Safari da safara: kalmomi biyu, tushe ɗaya

Kalmar Turanci ta "safari", wato yawon kallon namun daji irin wanda ake zuwa Yankari, ba haifaffiyar Ingila ba ce. A ƙarni na 19 Turawa suka aro ta daga Swahili, inda take nufin kowace irin tafiya. Shi kuwa Swahili daga "safar" ta Larabci ya samo ta.

Daga wannan tushe Hausa ta sami "safara". Fataken da suka riƙa ratsa Keffi daga Kano da Zariya zuwa Loko, a bakin kogin Binuwai, safara suke yi, wato kai haja daga gari zuwa gari. Yau kalmar ta yi baƙin jini, domin an fi jin ta a labaran kama masu safarar mutane, makamai da miyagun ƙwayoyi.