Auna Nauyin Kwasa-kwasai da Yin Rajista a Zangon Farko na Jami'a

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake auna nauyin karatu a jami'a, da abin da ya kamata sabon ɗalibi ya sani kafin ya sa hannu a takardar rajista. Mun yi la'akari musamman da ɗaliban garuruwa irin su Horo Birni, a yankin Boɗinga da Shagari, masu nufar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ko kuwa Jami'ar Jihar Sakkwato.

2.0 Ma'aunin Karatu

Tun daga 1989, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa ƙa'idojin bai-ɗaya, ana auna kowane kwas da abin da ake kira yunit. Yunit ɗaya shi ne sa'a ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon zango, ko kuwa sa'a uku a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙa'idar ita ce kada ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 a zango, kada kuma ya wuce 24. Ke nan wanda ya ɗauki 18 ya jingine sa'a 18 na makonsa a cikin aji, ban da lokacin bita da aikin gida da zirga-zirga.

Kwasa-kwasan sun kasu kashi uku: na dole a sashen ɗalibi, da na gama-gari irin su Ingilishi, sai kuma na zaɓi. Galibin nauyin zangon farko sashe ne ke yanke shi. Saboda haka ɗan abin da ya rage a hannun ɗalibi shi ne na zaɓi, a nan ne kuwa ake yawan yin kuskure.

3.0 Lissafin Sakamako

Wanda ya ci 70 zuwa sama yana da A, wato maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Wanda kuwa ya faɗi yana da F, ba shi da kome. Ana ninka makin da yawan yunit na kwas, a tara, sannan a raba da dukkan yunit ɗin da aka yi wa rajista.

Mu ɗauki misalin ɗalibai biyu. Na farko ya ɗauki kwas biyar masu yunit uku-uku, ya ci B a dukkansu. Jimlarsa 60, in an raba da 15 ya tashi da 4.00. Na biyu ya ƙara kwas na shida don kwaɗayi, ya faɗi shi. Jimlarsa 60 ce dai, amma da 18 za a raba, sai ya tashi da 3.33. Bugu da ƙari, in kwas ɗin na dole ne, zai sake ɗaukarsa baɗi, ya ci masa wuri a cikin yunit 24 ɗin nan. Tun da yake sakamakon kowane zango yana shiga lissafin ƙarshe, ramin da aka faɗa a farko yakan ɗauki shekaru kafin a cike shi.

4.0 Matakan Rajista

A yau ta intanet ake biyan kuɗi da cika takarda, kuma ɗalibin karkara yakan miƙa wa mai shagon kwamfuta wannan aiki. Mai shago bai san tsarin sashe ba. In ya ɗora kwas bisa kuskure, ɗalibi bai zauna jarrabawarsa ba, F za a rubuta masa. In kuwa ya tsallake wani, ko da ɗalibi ya rubuta jarrabawar ba za a lissafa masa ba. Don haka muke ba da shawarar a bi wannan tsari. Da farko a karɓi jerin kwasa-kwasai daga sashe. Na biyu, a duba jadawalin lacca don kada kwas biyu su haɗu a sa'a ɗaya. Na uku, a nuna wa malami mai kula da aji kafin a tura. Daga ƙarshe a buga takardar, a sa hannu, a adana kwafi, a kuma yi duk wani gyara kafin wa'adin ƙari da ragi ya cika.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa rajista alkawari ne da ake lissafa wa ɗalibi har ranar da zai fita. Ya kamata makarantun sakandare na yankin su koya wa 'yan ajin ƙarshe wannan lissafi, domin Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.