Abin da Kiwon Makankari ke Yi wa Ƙasan Teku

A yankin Galishiya na ƙasar Sifaniya, akwai dandamalan katako fiye da 3,000 da ke shawagi a gaɓar teku, akasarinsu a mashigin Arousa. Kowanne na rataye da ɗaruruwan igiyoyi cike da makankarin teku, wata dabba mai ɓawo biyu da ake kiwo don ci. Ba a ba ta abinci. Ruwa take tacewa ta samu abin ci. Shi ya sa ake yaba wannan kiwo da tsabta.

Amma a ƙasan teku labarin daban ne. Kashin dabbar da tarkacen da ta furzar kan sauka su taru su zama baƙin taɓo. Yayin da yake ruɓewa, ƙwayoyin bakteriya kan zuƙe iskar oksijin, wurin ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dabbobin da ke haƙa rami a yashi sai su ragu, wasu 'yan tsutsotsi masu jure ƙazanta su mamaye wurin. Ƙaguwa da kifi kuwa gaba ta kai su, domin makankarin da ya faɗo abinci ne, ɓawonsa kuma mafaka.

Ɓarnar ta fi muni inda ruwa ba ya gudu sosai. A ganina, bai kamata a ba da izinin kafa dandamali ba sai an auna ƙarfin gudun ruwan wurin.