Jirgin da ke Sauka Jiya

Tikitin ya ce jirgi zai tashi daga filin Faleolo na ƙasar Samowa ranar Talata da ƙarfe 10 na safe, ya sauka a Pago Pago, a yankin Samowa na Amurka, da ƙarfe 10 da rabi da ɗoriya, ranar Litinin. Duk wanda ya gani zai ce akawun kamfanin jirgi ne ya yi tuntuɓen alƙalami. Amma tikitin dawowa ma haka yake, sai dai a juye: ka tashi Litinin, ka sauka Talata.

To ko nisa ne? A'a. Tsakanin filayen biyu bai wuce kimanin kilomita 150 ba, teku ce zalla tsakanin tsibirin Upolu da na Tutuila, kuma ƙananan jirage masu farfela ne ke wannan zirga-zirga. Kano zuwa Katsina ma ya ɗan fi haka nisa a mota. Bambancin fitowar rana kuwa mintoci ne kawai. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne agogon fasinja ba ya bukatar gyara idan ya sauka. Lokaci ɗaya agogunan wuraren biyu suke nunawa, kwanan wata ne ya saɓa.

Saura layin da ke raba kwanan wata a tekun Fasifik, wanda galibi yake bin digiri 180. Nan ma da sauran rina a kaba, domin tsibiran biyu duk suna gabas da digirin. Da layin miƙe yake, da ranarsu ɗaya.

Ashe mutane ne suka lanƙwasa shi, har sau biyu. A 1892 'yan kasuwar Amurka suka shawo kan Sarki Malietoa Laupepa ya bi kwanan watansu, aka yi 4 ga Yuli sau biyu a jere. A 1899 aka raba tsibiran: gabas ta koma hannun Amurka, yamma ta Jamus, daga baya Niyu Zilan, har ta sami 'yanci a 1962, ita ce ƙasar Samowa ta yau. Sannu a hankali cinikin Samowa ya karkata ga Ostareliya da Niyu Zilan. A lokacin, Juma'ar Apiya, babban birnin Samowa, Asabar ce a Sidni ta Ostareliya, ofisoshi a rufe. Litinin ɗin Sidni kuma mutanen Apiya suna coci. Kwana biyu na aiki ke salwanta kowane mako.

Sai gwamnatin Firaminista Tuilaepa ta yanke shawara mai tsauri, kuma a ganina mai ma'ana. Daren Alhamis 29 ga Disamba 2011 aka kwanta, aka wayi gari Asabar 31. Juma'ar ba ta zo ba, amma an umarci a biya ma'aikata ladanta. Pago Pago, da yake yankin Amurka ne, ta tsaya inda take, layin ya ratsa tsakaninsu da tazarar da a yau take awa 24 cif.

Rigimar da ta biyo baya a coci ta tashi. Mabiya ɗariƙar Adbentis masu ibada ranar Asabar suka rabu: shugabanninsu suka ce rana ta bakwai ta gaskiya yanzu ta faɗo kan Lahadin kalanda, wasu mabiyan kuma suka ƙi, suka riƙe sabuwar Asabar.